Tokin da Ya Cinye Daminar Yaya

A shekarar da yayata take ƙarasa digirinta na biyu a jami'ar da ke Bosso, ni ne ɗan aikenta na kwamfuta, ba don ina so ba. A gidanmu ni kaɗai na karanta wannan fanni, saboda haka duk abin da ke da waya a jikinsa, daga dutsen guga zuwa rediyon Inna, ni ake kira.

Yaya malamar sakandare ce. An ba ta hutun ƙaro karatu, an ƙara mata sau ɗaya, an kuma gaya mata ba ƙari: ƙarshen shekara ta koma aji, da digiri ko babu. Bincikenta a kan ambaliya ne. Tana son ta tattara abin da mutanen bakin kogi suke rubutawa a wani dandalin sada zumunta a lokacin da ruwa yake shigar musu gidaje, ta ga ko za a iya gane inda ake neman agaji tun kafin labari ya kai ofis. Kamfanin dandalin yana da wata kafa da yake sako saƙonni kai tsaye, kamar famfo: abin da ya zubo kana nan, naka ne, abin da ya zubo ba ka nan, ya tafi. Damina ɗaya ta rage mata, ita ce wannan.

Kafin a buɗe maka famfon sai ka nuna tokin. Wasu dogayen haruffa ne da lambobi da kamfanin yake ba ka, kwamfutarka ta haɗa su da buƙatarka ta sa hannu, can su duba su tabbatar kai ne. Na rubuta ɗan shirin da zai yi wannan, na zuba shi a tsohuwar kwamfutar tebur ta Yaya da ke falon gidanmu a Tudun Wada, domin nan ne ake da batir da ke riƙe wuta in an ɗauke. Tawa ta hannu wuta ta ƙone ta tun bazara, a ofishinmu kuma an toshe dandalin gaba ɗaya. Na danna, sai amsa ta dawo: 401, wato ba ka da izini.

Na ce mata ƙaramin abu ne, ta ba ni zuwa gobe. Wannan goben ta kai mu har bayan watan Agusta.

Kullum in na tashi daga aiki sai in hau keke daga Barkin Sale, in iso a jiƙe, in zauna gaban injin nan ina zufa. Na sake kwafe tokin harafi bayan harafi. Na soke shi na karɓi sabo, na manta ban canza na cikin shirin ba, na ɓata yini a kan wannan kaɗai. Na zargi layin waya, muka sauya. Na zargi kamfanin, na rubuta musu, injinsu ya amsa mini da godiya. Na rushe shirin na sake ginawa da wata hanya. Amsar dai ita ce, ba ƙari ba ragi, ko ɗan bayani babu. Ni mutum ne mai saurin fushi, na sani, amma ko waliyyi aka ajiye gaban lambar nan sai ya yi tsaki.

"Injiniya, yau ma ba a ba mu izinin ba?" in ji Yaya, tana ajiye mini shayi.

"Yaya, don Allah ki daina tsaya mini a ka."

"To, na matsa. Jiya dai ruwa ya ci kasuwar garin su mai aikinmu."

Ba ta faɗa don ta zarge ni ba, shi ya sa ya fi ciwo. Ana tafka ruwa a waje, mutane suna can suna rubuta ainihin abin da take nema, muna nan zaune ba mu kama ko ɗaya ba. Ta fara kwafe wasu da hannu daga wayarta, amma malaminta ya ce wannan ba zai isa komai ba.

A wani zauren intanet na masu irin aikina na ga an rubuta cewa a duba agogon kwamfuta. Dalili shi ne, sa hannun da ake yi da tokin yana ɗauke da lokacin da aka yi shi, in lokacinka ya yi nisa da nasu sai su ɗauka ɓarawo ne yake maimaita tsohuwar buƙata, su rufe ƙofa. Na dubi ƙasan allon, na ɗaga kai na dubi agogon bango. Daidai suke, ko minti bai raba su ba. Na tambayi Yaya, ta dubi na hannunta ta ce daidai. Na wuce wannan na koma kan wasu zarge-zargen.

Wata Asabar da rana, ruwa ya riga ya fara ja baya, ina zaune na zuba wa allo ido ba na ma taɓa komai. Inna ta leƙo daga ɗaki da butarta.

"An yi azahar kuwa?"

Yaya ta kalli allon ta bayan kafaɗata. "Da saura, Inna. Biyu ta nuna, in an cire na Baba saura kwata."

Cire na Baba. Tun muna yara muke jin wannan magana, har ba ma jin ta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya son rasa sahun farko, saboda haka agogon gidansa kullum yana gaba da na duniya da wajen kwata. Kowa a gidan ya iya cirewa a ka ba tare da tunani ba. Bayan rasuwarsa Inna ta ci gaba, in an sa sabon batir ita da kanta take tura allurar gaba.

"Yaya, wa ya saita agogon kwamfutar nan?"

"Ni. Da tana saita kanta, kullum sai in ga ta yi baya da na bango, sai na kashe abin da ke saita ta na gyara da hannu, kamar yadda nake wa agogon hannuna. Me ya faru?"

Na ciro wayata, na ajiye kusa da allo, na ga agogon allon ya wuce na wayar da kwata, na mayar da shi ya bi na intanet. Na danna. Saƙonni suka fara gangarowa, layi bayan layi, da sauri har ido ba ya kamawa.

Na zaci zan yi murna. Wallahi gajiya kawai na ji, irin ta wanda ya sauke kaya a gidan da ba shi aka aike shi ba. Yaya ta jawo kujera ta zauna, muka karanta tare. Wani yana sayar da doya, wasu suna musun ƙwallo, wata tana gode wa Allah ruwa ya janye sun koma gida.

"Na baya fa?" ta ce. "Na watan da ya wuce?"

"Kafar nan ba ta ba da na baya, Yaya."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta ce gobe za ta je ta ga shugaban makarantarsu, ta ji wane aji za a ba ta.

Inna ta idar da salla ta fito, ta ga rubutu yana gudu, fuskarta ta washe.

"Alhamdu lillahi, ya yi ke nan. To me ya hana shi tun farko?"

Na buɗe baki. Yaya ta ɗora hannunta a kan nawa, ta danne.

"Daga can kamfanin ne, Inna," ta ce. "Ba daga gidan nan ba ne."