Ba Su Jira Ka a Kan Tudu Ba

Ranar Asabar, tara ga watan jiya, ina kwance a ɗaki da gwiwa a naɗe bayan aikin da likita ya yi mini, sai waya ta yi ƙara. Lauya ne, shugaban ƙungiyarmu ta masu hawan keke. Ya ce Allah Ya yi wa Baba Wutsiya rasuwa a hanyar tudu, zuciyarsa ce ta tsaya. Na ce na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, na yi ta maimaitawa har bakina ya bushe. Sai ya ƙara da cewa, "Ka kwantar da hankalinka, a hannunmu ya cika." Na rungumi wannan magana, Baba, na kai wa iyalinka ita don su sami sanyi. Ashe ƙarya ce, Baba, kuma da bakina aka yi amfani aka shigar da ita gidanka. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Bari in fara da alherinka, don ya fi ɓacin raina yawa. Na san ka ne ranar da ka shigo kemis ɗina neman man zafi, ka tarar da ni ina haki don kawai na hau kujera na ɗauko kwali. Ka dube ni sama da ƙasa, ka ce, "Mai kemis, kullum kana sayar wa mutane lafiya, ba ka rage wa kanka ko ta cokali ɗaya ba?" Na ji haushi, wallahi. Da Asabar ta zagayo sai ga ka a ƙofar gidana da tsohon kekenka, ka ɗaga masa sirdi daidai tsawona, ka ce in hau ko ka kira matata ta ɗora ni.

Ka yi aiki a gidan ruwa har ka yi ritaya, kana bin tankunan da ke kan tuddai kana duba bututu, shi ya sa babu hanyar da ba ka sani ba. Kai ka nuna mana tsohuwar kwaltar da motoci suka daina bi tun da aka yi sabon titi. Tana hawa tana gangara tsakanin gonaki da lambuna, ciyawa ta cinye gefenta, in ka yi shiru ba abin da za ka ji sai ƙarar kaca da numfashinka. Mutum zai yi tafiyar rabin yini bai haɗu da komai ba sai awaki. A can na gane cewa safiya tana da ƙamshi, ni da na tsufa a cikin warin magani.

Ka fi mu duka ƙarfin ƙafa, amma ba ka taɓa shiga gaba ba. Kullum kana can baya tare da wanda ya fi kowa rauni, har muka laƙaba maka Wutsiya, ka amsa kana dariya. Shekaru da dama ni ne wannan mai raunin. In hawa ya yi tsanani, kan keke ya fara rawa a hannuna, sai in ji tafinka a gadon bayana kana turawa, kana kira na da sunan da ƙibata ta jawo mini, kana cewa, "Taka, Buhu, taka, kantinka ba ya gudu." Jakar da ke bayan sirdinka ba ta rabuwa da faci, da famfo, da dabino, kuma ban taɓa ganin ka ci dabinon nan kai kaɗai ba.

Doka ɗaya ka kafa mana: duk wanda ya riga kaiwa kan tudu ya sauka ya jira, ba mai gangarawa sai na ƙarshe ya iso. Ka ce hanyar da babu mota tana da daɗi, amma in mutum ya faɗi a cikinta babu mai wucewa ya gan shi, saboda haka mu ne asibitin juna. Kowa ya ci moriyar dokar nan. Ranar da Dogo, matashin da ya fi kowa gudu a cikinmu, ya zame a kwana ya karya kafaɗa, kai ka cire rigarka ka ɗaure masa hannu, ka tura kekuna biyu a ƙasa har bakin titi. Ranar da jijiya ta ɗaure wa Lauya ƙafa yana kuka kamar yaro, kai ka durƙusa a kan kwalta kana murza masa ƙwauri, kai da ka girme shi nesa ba kusa ba.

Da na fara taka ƙafa da sanda, na ce wa 'yata ta kai ni in ga inda ka cika. Ta ajiye ni a gindin tudun, na haura a hankali har wata babbar bishiya da ke tsakiyar hawan. Ina tsaye sai wani dattijo mai gonar lemo ya fito ta cikin shinge, ya tambaye ni ko ni ɗan'uwan mamacin ne. Na ce ƙaninsa ne, don ban ga wata amsa da ta fi wannan gaskiya ba. Ya zauna a kan dutse ya ba ni labari, bai san yana rusa mini komai ba.

Ya ce da hantsi ya hango masu riguna kala-kala a kan tudun, sun ɗan tsaya sun ɗauki hoto, suka gangara ta ɗaya gefen. Sai bayan azahar, da ya sauko zai buɗe wa lemonsa ruwa, ya gan ka. Ka jingine kekenka a jikin bishiyar, ka cire hular kwano ka ajiye a gefe, ka zauna ka juya fuskarka sama, wajen da suka bi. Wayarka tana hannunka, amma a wannan kwarin waya ba ta kamawa. Da sauran numfashinka. Ya ba ka ruwa, ya ɗora kanka a cinyarsa, ka buɗe ido ka ce masa, "Sun juyo?" Ya ce bai san su waye kake nufi ba, sai ya ce maka suna tafe. Shi ya laƙƙana maka kalmar shahada, shi ya rufe maka ido, sannan ya haura inda waya take kamawa ya kira lambar da ka yi ta nema, wato ta Lauya. Lokacin Lauya ya riga ya yi wanka a gidansa.

Washegari na je ofishin Lauya, ban ko zauna ba. Na tambaye shi me ya hana su jira. Ya ce rana ta yi zafi, Dogo yana son ya gangara kafin iska ta juya, shi kuma yana da baƙi. Ya ce, "Mun ce Baba ya san hanya, ai shi ya nuna mana ita." Na ce to ƙaryar fa? Ya ce mene ne amfanin tayar wa matar da hankali, abin da ya faru ya riga ya faru. Nan take, ko kunya babu, ya roƙe ni in rubuta ta'aziyyar da za a karanta a kan tudun ranar da za su yi hawan tunawa da kai, kuma in karɓo musu kekenka a tura shi a gaban ayari. A gaba, Baba, inda ba ka taɓa yarda ka tsaya ba.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina. Matarka, wadda nake kira Yaya, ba ta da abin da take riƙe da shi sai cewa ka cika a tsakiyar abokanka. Duk zuwan da Lauya ya yi sai ta sa masa albarka har ya fita ƙofa. In na faɗa mata na ƙwace mata wannan, in na yi shiru na zama ɗaya daga cikinsu. Na je na same ta a falo, kekenka yana rataye a bango inda ka saba rataye shi, na faɗa mata komai ban rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ƙanena, ya daɗe yana jira?" Na ce ya daɗe, Yaya. Sai ta ce, "Ka kawo mini dattijon nan in gan shi. Tun ranar nake yi wa wasu addu'ar da tasa ce."

Allah Ya jiƙanka, Baba Wutsiya, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa zaman da ka yi kai kaɗai a gindin bishiyar nan ya zama kaffara a gare ka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yanka, da jikokinka, Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya tsaya musu. Dattijo mai gonar lemo kuwa, Allah Ya saka masa da alheri, Ya kawo masa mai riƙe masa kai ranar da tasa ta zo.

Su kuma abokan tafiyarmu, na ɗaga hannu zan sa su a addu'a, bakina ya ƙi. Na san halinka, wataƙila ka yafe musu tun kafin ka rufe ido. Ni ban kai nan ba, Baba. Allah Ya kai ni, amma yau ban iya ba.