Malam Gwadabe Dispensa da Tarin Indo Mai Fura

Shekara ashirin da biyu ke nan, kullum da sassafe Malam Gwadabe Dispensa kan hau kekensa daga Makarfi ya nufi ɗakin shan magani na Gazara. Yakan dafa allurai tukuna, sannan ya fito rumfa ya gaisa da marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

A Gazara har yau ana ba da labarin Indo mai fura. Shekara biyu bayan samun mulkin kai tari ya kama ta, kaki kaɗan, ga ciwon kai da ɗan zazzaɓi. Ba ta kwanta ba, tana daka tana damu. An yi mata allurar fenisilin a wani gari, tari ko gezau. Sai magana ta bazu wai tarin fuka ne. Masu saye suka watse, har a gidan suna aka ware mata moɗa.

Ta zo wurin Malam Gwadabe tana hawaye. Ya daɗe yana sauraren ƙirjinta.

"Indo, kin taɓa ganin jini a kaki?"

"Ko sau ɗaya, Malam."

"Akwai mai tari a gida?"

"'Ya'yana biyu, amma sun warke."

Ya ɗebi jininta a 'yar kwalba, ya tura cikin ƙanƙarar firjin kananzir, dabarar da wani likita ya nuna masa a Zariya. Da ya ciro, jinin ya yi gudaji-gudaji. Ya ɗumama shi a tafin hannu, ya koma sumul.

Ya ce, "Wannan alama ta sa ina kyautata zaton nimoniya ce, wato ciwon huhu, irin mai ɓoyewa. Ba ta kayar da mutum, kuma ba ta jin fenisilin."

Ya ba ta kafso na mako biyu, ya kuma aika kakinta Zariya don a tabbatar. Takarda ta dawo, ba fuka. Tari kuwa ya tafi.

Ran kasuwa ya jingine kekensa gaban ƙwaryar Indo, ya ɗaga murya: "Dama mini, a sa nono da yawa!" Ya shanye tas a idon jama'a. Kafin azahar fura ta ƙare, mata suna ta guɗa.

Kai ne, Malam, ba ka yi wa tari kuɗin goro ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma matasan da za ku karɓi aikinsa, ku saurari ƙirji, ku yi tambaya, sannan ku ɗauki allura.