Dutsen Bayan Gidan Alhaji

A Birni, bayan gidan maƙwabcina, akwai wani ƙaton dutse mai tsaga a gefe. Lokacin ina koyarwa a lise, wato sakandare, ana kirana Mushe kamar kowane malamin boko, nakan je can ranar Lahadi da ƙaramar guduma da hantsaki. Cikin tsagar nake samun 'yan duwatsun ƙanƙara, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. In na dawo gida sai in ɗora kowanne kan auduga a kwalin ashana, in duba shi da tsohon mikroskop ɗina. Abin da ido ke gani kamar tsakuwa, a nan yakan fito da kusurwoyi shida, goge tas, wani har da ruwan shuni.

Maƙwabcin nawa Alhaji ne mai sayar da fata, kuma dama ba ma shiri tun rigimar magudanar ruwa. Shi ya baza a unguwa cewa lu'ulu'u nake kwasa ina aika wa Turawa. Wata rana bayan la'asar ya shigo zaurena ko sallama babu, ya ce in nuna masa abin da nake sata. Na ɗora masa ɗaya a mikroskop don in huta. Ya kafa ido ya daɗe, sannan ya ɗago yana huci.

"Mushe, wannan ne kake cewa ba komai ba?"

Na ce masa ko goro ba za a ba shi da shi ba, ya ce ƙarya nake. Ya kai ƙarata wurin mai unguwa, wai dutsen na kakansa ne. Mai unguwa ya juya kwalin a hannu, ya kasa ganin abin da ke ciki, ya ce mu je mu ji kunya. Alhaji bai ji ba. Ya kewaye wurin da ƙaya, ya ɗauko masu fasa dutse, suka hura wuta a jikinsa, suka bi shi da manyan guduma. Ina zaune a gidana ina jin kowane bugu. Tsagar da na shekara ina bi a hankali, a yini biyu suka mai da ita gari.

Ba su sami abin da yake nema ba. Daga baya ya sayar da tsakuwar ga masu gini, ya riƙa cewa ni na riga na kwashe masu kyan.

Da ya kwanta ciwo matata ta matsa mini in je gaisuwa. Na je, na tsaya daga bakin ƙofa na ce Allah ya sawwaƙe. Ya juya fuska bango, ni ma na juyo gida. Yanzu ya warke, sahu ɗaya muke sallah, in an sallame kowa ya nemi takalminsa. Ni kuma duwatsuna sai na hau mota zuwa wajen Hamdara nake samowa, kuma ba su kai na wancan dutsen kyau ba.