Ranar da Mama Warden ta yi Hausa

Har gobe ba na mantawa da wata Talata cikin watan Maris, shekarata ta uku ina sakatariya a kamfaninmu na katun. Ku sababbin ma'aikata kun tarar da shirin ya girma. Katun ne na manya, ya haura shekara ashirin yana yi wa 'yan siyasa da jami'an council, wato ƙaramar hukuma, shaguɓe, har kalamansa sun shiga bakin mutane a tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ga yadda aikin yake: kafin a zana komai, marubuta da masu murya kan zauna a tebur guda su karanta labarin da ƙarfi. Inda aka yi dariya a bar shi, inda aka yi shiru a goge. Ni aikina in riƙa rubuta gyare-gyaren.

A shirin akwai Mama Warden, 'yar Afirka mai kula da ajiye motoci a titi. Tun farko ba ta da yare. A takarda "ihun Afirka" kawai ake rubutawa, mai muryar ta ƙirƙiro surutai marasa ma'ana. Abin yana ci mini rai, amma wa ya tambayi sakatariya?

Ranar nan aka yi cancel ɗin jiragen ƙasa na District line, mai muryar ta maƙale a Barking. Shugaban marubuta, wani dattijo mai suna Mista Colin, ya miƙo mini takarda ya ce, "Rabi, karanta mana nata."

Wurin da muke karantawa shi ne inda minista ya ajiye mota a kan layin bas. Da muka iso ihun, na rasa mafita. In na yi surutan na ci mutuncin kaina, in na ƙi ina iya rasa aikina. Sai kawai na buga tebur na ce, "Kai! Ko ubanka ne ya shimfiɗa titin nan, ɗauke wannan akwalar!"

Mista Colin ya cire tabarau. "Me kika ce?"

Na fassara masa. Wallahi sai ga dattijon nan yana dariya har da tari! Mai zane ɗaya ya kifa kai a tebur.

"Shekara da shekaru ba wanda ya gaya mana matar nan tana da baki?" in ji shi.

Na ce, "Ba ku taɓa tambaya ba, Yallaɓai."

Sai ya ce a yi mini booking ɗin ɗakin ɗaukar murya ranar Alhamis. Mai muryar ta asali da kanta ta tsaya tana koya mini numfashi a gaban makirufo.

Bayan wata tara aka nuna shirin, ranar Lahadi da yamma. Flat ɗinmu na Thamesmead ya cika maƙil. Da Mama Warden ta buɗe baki, falon ya kaure da ihu! Wata Hajiya 'yar Kumasi ta kira ni tana cewa da irin Hausarsu ta can, "Rabi, kai ne? Katun ya yi Hausa!" Yaranmu da ke amsa mana da Turanci suka yi mako suna kiran kowace mota akwala.

Abin da na koya shi ne, masu sana'ar ba'a sun iya hango aibin kowa ban da nasu, amma na kirkinsu in aka nuna musu sukan yi dariya su gyara. Don haka in an miƙo muku takarda a teburin nan, ku buɗe baki.