Dufles Ba Zaure

Wata rana wani dattijo a Malumfashi, Malam Tanimu, ya tare a sabon gidansa. Ɗansa Nafi'u ne ya rushe tsohon ginin ƙasar ya yi masa na zamani.

Kar ku zagi Nafi'u, yaron kirki ne. Allah ya buɗa masa a Abuja, ya rantse mahaifinsa ya gama kwana a ɗakin da ke yoyo.

Ya riƙo hannun tsohon yana zagayawa da shi, baki har kunne, yana koya masa sunayen gidaje da Turanci. Wanda ba bene, bangalo. Wanda kake raba bene da maƙwabta, fulat. Wannan kuwa, sama da ƙasa duk naka, dufles.

Malam Tanimu yana ta sa albarka, amma idonsa na neman wani abu.

A tsohon gidan akwai zaure. Nan ake ciyayya, bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon tuwonsa a ci tare. Amininsa Malam Jibo bai taɓa fashi ba tun suna samari.

"Nafi'u, shi zaure me ake ce masa da Turancin?"

Nafi'u ya sosa ƙeya. "Baba, ai irin wannan gida ba a yi masa zaure. Ga falo nan, har da esi mai sanyaya ɗaki."

Tsohon ya gyaɗa kai. Da wane baki zai ce wa ɗan da ya yi wannan hidima bai kyauta ba?

Da farko abokan sun zo. Sai sun buga get, maigadi ya leƙo ya tambayi wa suke nema. Kai jama'a! Mutanen da suka san Nafi'u tun yana zanin goyo!

Rannan miyar kuka ta ɗiga a kan kafet. Malam Jibo ya durƙusa yana gogewa da hannun rigarsa, yana ba da haƙuri.

Bai sake zuwa ba.

Ciyayya ta koma can ƙarshen layi. Malam Tanimu ga ciwon gwiwa, ko masallaci da ƙyar yake kaiwa. Ya dinga cin tuwonsa shi kaɗai, kewa na cin sa.

Wata hantsi ya dogara sanda ya fito bakin get, sai ya ga 'yan unguwa na dawowa daga maƙabarta.

Malam Jibo aka kai. Bayan asuba ya cika. An zo faɗa masa, maigadi ya ce Baba yana hutawa.

Allah sarki. Nan tsohon ya zauna a ƙasa, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Kafin ka kyautata wa iyayenka da abin da ya burge ka, zauna ka tambaye su abin da ba za su iya rayuwa ba tare da shi ba. Kunya ba za ta bari su faɗa da kansu ba.

Tura wa ɗan'uwanka da ke shirin yi wa iyaye gini, tun bai sa an rushe ba.