Hoton Kan Baba

Shekarar da nake rubuta kundin digirina na biyu a kimiyyar fiziks, a gidanmu na unguwar Television na yi yawancin aikin, domin Baba ba shi da lafiya. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, mai yawan hira, amma sai kalmomi suka fara ɓace masa. Zai nemi cokali, ya ce a miƙo masa takalmi.

Aikina a kan furoton ne da 'yan'uwansa, ƙananan abubuwan da ke cikin ƙwayar zarra, waɗanda ake kira bariyon. Kowannensu kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu yake, kuma abubuwa uku ne suka haɗu suka yi shi. Ni kuwa ina lissafa ƙarfin maganaɗisun daga waɗannan ukun. Amsata takan kusanci abin da masana suka auna, amma ba ta faɗawa daidai. Wannan ɗan bambancin ne ya hana ni sakat.

Baba yakan zauna kusa da teburina a baranda.

"Wannan abin naki, kin taɓa ganinsa?"

"Ba a ganinsa, Baba."

"To, Allah ya taimaka," in ji shi, cikin tausayi.

Da hannunsa na dama ya fara mutuwa, likita ya tura mu hoton ƙwaƙwalwa a cikin gari. Muka tsallake gada a keke mai ƙafa uku, Mama na riƙe da kafaɗarsa. Da ya ga na'urar, mai baki kamar rami, sai ya ja da baya. Ya ce shi ba zai shiga kabari da ransa ba.

Na durƙusa gabansa. Na ce masa babban maganaɗisu ne kawai. Ruwan jikinsa cike yake da furoton, na'urar za ta jera su, ta saurari amsarsu, ta zana hoto.

"Naki ɗin nan?"

"Su ne, Baba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya cire agogonsa ya ba Mama, ya kwanta.

Hoton ya nuna ƙari a gefen hagu, a wurin da ba a iya taɓawa. A hanyar komawa muka biyo ta unguwar Trikania. Nan Baba ya dafa gwiwata ya ce, a hankali, yana neman kowace kalma, "Ashe suna nan. Sun faɗi gaskiya."

Matan zumuntar cocinmu sun riƙa zuwa da yamma suna yi masa waƙa. Maganarsa ta ɗauke gaba ɗaya, amma yana bin amshi da leɓe. Ya rasu da damina, muka kai shi ƙauye.

Na kammala kundin bayan an share makoki, bambancin yana nan yadda yake, na rubuta shi a fili. Ranar da na kare aikin gaban malamai, Mama ta raka ni. Ta zauna a benci a waje da zanen zumuntarta, har aka kira ta ta shigo ta ji sakamako.