Auren Fulawar Shago

Riƙe biron da kyau, Ikilima, yau labarin Shago nake so a ajiye a takarda.

Shago manomi ne ɗan manomi, gidansa yana bayan tsamiyar nan ta hanyar Bagwai. Gonarsa ba wata babba ba ce, amma tun zamanin kakansa ba ta taɓa hutawa ba, ba ta kuma gaji ba, don duk rani jakinsa yana kan hanya da mangalar taki. Gero, dawa, wake a tsakani. In shuka ta fito da yawa a rami ɗaya, sai ya tsugunna ya cire raunanan ya bar mai ƙarfi. Haka ubansa ya koya masa, kuma shekara sittin abin bai ba shi kunya ba.

Matarsa Susanna idonta ya riƙa tafiya a hankali, har ya tafi gaba ɗaya. 'Yarsu Glory, mai aikin jinya a birni, ta zo Kirsimeti da wata 'yar fulawa a leda, wai wardi sunanta. Aka dasa a ƙofar ɗakin Susanna. Shekarar farko ta yi fure ja, ƙamshi har zaure. Kullum da hantsi Susanna sai ta lalubo ta fito ta zauna kusa da ita, ta ce ido ya ƙi, amma hanci bai yi mata rowa ba.

Da damina ta sauka, sai ga rassa uku sun ɓullo daga ƙasa, miƙaƙƙu, ƙosassu, cikin wata guda sun wuce tsoffin. Shago ya dube su da idon manomi. Ya ɗauko wuƙa ya datse tsoffin nan sirara, ya bar masu ƙarfi. Ya zuba taki, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, ya barbaɗa toka saboda gara. Da ƙwarin darɓa suka hau, ya jiƙa ganyen darbejiya ya yayyafa. Fulawa ta kai kan katanga, ganye shar, fure ko ɗaya babu. Shekara biyu cur.

Susanna kuwa ta daina fitowar hantsin, ta koma yini a ɗaki, tuwo ma sai an yi da gaske. Shago ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ganye ya ƙaru.

Ran nan Malam Uwaisu ya biyo gaisuwa. Abokin Shago ne tun suna kiwo, yana da lambun mangwaro a bakin dam.

"Shago, geza ka fara nomawa a tsakar gida?"

"Kai da ba ka san komai ba sai mangwaro, ina ruwanka da wardi?"

Malam Uwaisu ya tattare riga ya tsugunna, ya tona gindin da yatsa har ya kai ga wani kulli kamar gwiwa.

"Zo ka gani. Ai fulawar nan da aurenta."

"Aure kuma?"

"Yadda nake yanko reshen mangwaro mai zaƙi in ɗaura a gindin na gargajiya, ba shi muke ce wa aure ba? Ita ma haka aka yi mata. Saiwar ta jeji ce, ƙarfi gare ta, amma furen da kake jira ba daga ita zai fito ba. Amarya tana sama da kullin nan. Waɗannan ƙattin kuwa daga ƙasansa suka fito. Ka kori amarya, ka zauna kana ciyar da dangin miji."

Sai ga dariyar Susanna daga ɗaki. "Faɗa masa dai, Malam. Ni ma shekara hamsin nasa dangin nake ciyarwa."

A saman kullin saura wani ɗan kututture, bai fi tsawon yatsa ba. Malam Uwaisu ya kankare bayansa da farce, ya ga kore.

"Da sauran rai. Amma sai ƙattin nan sun tafi duka. Kada ka sare su daga sama, ninki za su dawo. Tona za ka yi, ka ɓalle su daga inda suka fito."

"In na cire su ta mutu fa?"

"In ka bar su ma mutuwar ce, a hankali dai."

Kwana uku Shago yana kewaya fulawar, hannunsa ya ƙi. Mutumin da bai taɓa tuge shuka mai ƙarfi ya bar rarrauna ba. A na huɗu ya tona, ya murɗe su ɗaya bayan ɗaya, ƙaya ta yi masa kaca-kaca da hannu. Ƙofar ɗaki ta koma fili, sai ɗan kututturen nan. Masu shigowa suka ce tsufa ya fara taɓa Shago.

Ya riƙa bai wa fulawar ruwa da safe, a gindi, da ɗan taki ruɓaɓɓe. Mako uku shiru. Sannan wani ɗan tsiro ya leƙo sama da kullin, jajir da shi, kamar yadda Malam Uwaisu ya ce na amarya yake fitowa. Daga baya wani kore ya ɓullo ta ƙasa, Shago ya ɓalle shi ko gaisawa ba su yi ba.

Furen ya zo bayan wata biyu, ƙwaya ɗaya, ƙarami. Shago ya riƙo hannun Susanna ya kai ta, ta sunkuya ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Baban Glory."

"Na'am."

"Ka aika wa yarinyar nan, in za ta zo bana ta taho da mai farin fure."

"Fara da ja, me za ki gani a ciki?"

"An ce ƙamshinsu daban. Ka dai fara haƙa ramin."